Takin da ya iso bayan masara ta yi goyo

Ranar wata Talata cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka, ina zaune a shago nan Garwa, a arewacin Kamaru, sai ga kiran Baffa. Baffa ba mai yawan kiran waya bane, in dai kaga lambarsa toh ko rasuwa akayi ko kuma maganar gona ce. Muka gaisa, na tambayi Goggo da yara, nace ya ruwa, yace ruwa yayi gyara. Sai yace "ɗana, takin nan da aka rubuta sunayenmu tun bazara yau ya iso, ance kowa yazo da katinsa da kuɗinsa." Nayi shiru, shima yayi shiru. Don ni da shi duk mun san halin da masarar take ciki, sati biyu kafin nan naje na ganta da idona, ta riga ta fara goyo, ganyen ƙasa duk sunyi ɗorawa tun daga baki har tsakiya, karan nan sirara abin tausayi. Masarar da ta kai nan ba taki take jira ba kuma, abin da zata bayar ta riga ta yanke shi.

Duk da haka na tura kuɗin ta waya, Baffa yaje ya bi layi ya karɓo buhu 2. Nace masa "Baffa ku karɓa kawai, da babu gara ba daɗi." Kuma tsakani da Allah an sassauta farashin, ba raini nake ba, wanda yayi maka alheri komai ƙanƙantarsa ya cancanci godiya. Ba zan kama sunan shirin ko ofishin da ya raba ba don ba faɗa na zo yi da kowa ba. Amma tun ranar abin yake cina a rai, shi yasa nace bari dai in zauna in rubuta.

Ni ɗan kasuwa ne, kayan masarufi nake sayarwa, amma gidanmu gidan noma ne. Gonarmu tana wani ƙauye gaba da Ngong in ka ɗauki hanyar Ngaundere. Mu nan da kar muke lissafin gona, kar 4 shine hekta 1, mu kuma muna da kar 8, Baffa ne yake tsaye a kai ni kuma ina taimakawa da kuɗin iri da na 'yan ƙwadago, in Allah ya kawo kaka a raba, abin da nake ciyar da iyalina dashi kenan kusan rabin shekara. Don haka in ana maganar tallafin noma ba labarin rediyo nake ji ba, maganar tuwon gidana ake yi.

Wanda bai taɓa noma masara ba zai ɗauka taki taki ne, duk ranar da ka zuba shikenan. Ba haka bane wallahi. Masara tana da lokacinta kamar jariri da nono. Bayan ta tsiro da kamar sati biyu ake bata takin NPK, a tona gefenta a zuba a rufe, sannan in ta kai wata ɗaya zuwa kwana 40, ta kawo gwiwa, a bata takin ure, wato yuriya, lokacin huɗa. A wannan tsakanin ne take yanke shawarar girman goyon da zata yi da yawan ƙwayar da zata jera. Mu a nan ana shuka ne daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, wanda ya makara ya kai farkon Yuli. Toh kai lissafa da kanka, takin da ya iso tsakiyar Agusta wace masara zai tarar? Ga marka kuma, ka zuba ure yau da daddare ruwa ya kwashe shi ya kai kwari. Ihu bayan hari kenan.

Kuma ba wai abin ɓoye bane cewa takinmu daga nesa yake zuwa. Kusan duk abin da muke zubawa a gona daga waje ake shigo dashi, jirgin ruwa ya sauke a Duwala, a gama da duwan, wato kwastan, a loda a jirgin ƙasa ko a manyan motoci ayi tafiyar kusan kilomita 900 ta dogo, ta mota ma ta fi haka, zuwa Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, daga nan kuma a gangaro falez, wato gangaren dutse, da manyan motoci a taho Garwa, sannan a fara neman motar da zata yarda ta shiga ƙauye. Duk wanda ya san hanyoyin ƙauyukanmu ya san da zarar ruwa ya zauna akwai garuruwan da ko babur sai an ɗauke shi a kafaɗa a tsallake mayo, wato rafi. Kenan takin da ake so ya shiga ƙasa a watan Yuni dole ya bar Duwala tun Maris ko Afrilu, dole kuɗinsa ya fita tun kafin nan. In aka ce sai ruwa ya sauka sannan za'a fara zaman rubuta takardu, toh an riga an yi asarar daminar tun a kan tebur.

Shekarar 2022 ce ta buɗe ma mutane da yawa ido. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke farashin taki ya tashi a duniya gaba ɗaya, don Rasha na cikin manyan masu fitar dashi, kuma ure da iskar gas ake yinsa. Buhun kilo 50 da muka saba saye ƙasa da jaka 20, wato sefa dubu 20, sai gashi ya haura jaka 30 a kasuwa. A shekarar nan na ga manoma da yawa sun rage masara sun koma gyaɗa da waken suya da dawa, abin da zai iya yi ko ba taki sosai. Wasu suka sayi rabin buhu suka yayyafa a gonar da take buƙatar buhu 3, don dai zuciya ta kwanta. Ba wanda ya jefa mana bam a nan amma yaƙin ya shigo har cikin tukunyarmu.

Abin da yake ƙara sani tunani shine, a wannan ƙasa tamu ta arewa akwai amfanin gona guda da takinsa baya bin wannan hanyar ta jira da fata, shine auduga. SODECOTON, ma'aikatar auduga, tun 1974 take nan, hedikwatarta ma a Garwa take. Manomin auduga yana cikin ƙungiya, tun rani ake rubuta kar nawa zai shuka, a kawo iri da taki da maganin feshi a zuba a sito na ƙauye kafin ruwa ya sauka, ya ɗauka bashi ba tare da ya fidda ko dala ba, a faɗa masa farashin kilo tun kafin ya shuka, in ya kawo auduga a auna a cire bashin a bashi sauran. Tsarin yana da nasa ciwon, in mutum ɗaya ya kasa biya 'yan ƙungiyarsa ne suke cikawa, kuma hakan ya ɓata zumunci a gidaje da yawa, ga aikin auduga aikin wahala ne, feshi kaɗai ya isa. Amma dai tsari ne, yana da kai yana da ƙafa. Yanzu juyo ka dubi masara da dawa da gero da wake, abin da muke ci safe da dare. In kai ba manomin auduga bane wa zai baka taki bashi a kan lokaci? Wa ya taɓa faɗa maka farashin buhun masara kafin ka shuka? Shi yasa kowa ya sani, ba ɓoyayyen abu bane, mutum zai shuka auduga kar 2 ba don yana sonta ba sai don ya samu takin da zai ɗan ɗiba ya ba masararsa. Kar ka zarge shi. Ba'a tuƙa tuwo da auduga.

Toh in har an iya kai taki ƙauyen da yake can bayan Tubboro a kan lokaci saboda auduga, to ba hanya bace ta gagara, ba kuma ilimin bane babu. Abin da aka ɗauka da muhimmanci shi ake yi ma shiri.

Baffa yakan bamu labarin da, yace akwai lokacin da gwamnati take ɗaukar kaso mai yawa na kuɗin taki, malaman gona suna yawo ƙauye ƙauye a kan babur. Daga ƙarshen shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, masu bada bashi na duniya suka ce a tsuke bakin aljihu, aka janye tallafin taki a hankali aka bar ma 'yan kasuwa. Sai kuma ga Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, duk abin da ake shigowa dashi daga waje ya ninka. Yace tun daga nan ƙaramin manomi bai sake tsayawa da ƙafarsa sosai ba. Shugabannin Afirka sun haɗu a Maputo a 2003 sun yi alkawarin kashi 10 cikin ɗari na kasafin kuɗi zai tafi noma, suka sake haɗuwa a Abuja a 2006 suka ce a kai taki kilo 50 a kowace hekta, suka sabunta alkawari a Malabo a 2014. Mu ma a nan anyi babban bikin noma a Ebolowa a 2011 akayi maganar sabon salon noma na zamani. Ƙasashen da suka cika alkawarin Maputo 'yan kaɗan ne, kuma tamu bata cikinsu.

Sai maganar jerin suna. Wannan ita ce take ɓata min rai fiye da makarar ma. Goggo tana da kar 1 nata na kanta, gyaɗa take shukawa da kuɓewa da yakuwa a gefe, kuma wallahi a watan yunwa daga wannan kar ɗin ake samun kuɗin gishiri da magi da sabulu, ita take yin mai da ƙuli-ƙuli ta aika yara talla. Amma ba'a taɓa rubuta sunanta ba ko sau ɗaya, ance mai gida ɗaya suna ɗaya. Haka wanda yake hayar gona, kuma a yankinmu masu haya suna da yawa don mutane da dama sun gangaro ne daga Arewa Mai Nisa neman ƙasar noma, shi ma sau tari sai ace ba shi da gona. Haka wanda katinsa ya ƙare yana riƙe da 'yar takardar jira. A gefe guda kuma zaka ga sunan wanda rabonsa da riƙe fartanya tun yana yaro, ya karɓi nasa buhunan, kafin sati ya zagayo ka gansu a kasuwa an ɗora riba. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Na gani da idona, buhu da tambarin tallafi a jikinsa ana cinikinsa a fili.

Amma duk wannan rabin magana ce. Ko da takin ya zo a kan lokaci, ko da kyauta aka bayar, akwai rami na biyu da manomi yake faɗawa, kuma a ganina shi yafi zurfi. Kaka.

Bari in gaya maka yadda take kasancewa a gidanmu da gidajen maƙwabta. Watan Satumba ake komawa lakwal, wato makaranta, ga kuɗin rajista ga littafi ga riga. Watan ne kuma zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da yara, kusan kowane gida akwai mai jinya. Rumbu kuma ya riga ya yi ƙasa tun Yuli. Toh ina manomi zai samu kuɗi? Sai yaje wajen mai shi, ya karɓi bada kaka, a bashi 'yan jakunkuna yau da sharaɗin zai biya da buhu in an girbe, a farashin da shi mai kuɗin ya ga dama. Masara tana tsaye a gona amma ta riga ta zama ta wani. Da an shiga Oktoba da Nuwamba kowa ya girbe lokaci ɗaya, kowa yana da bashi a wuya, kowa ya kwaso ya kai kasuwa rana ɗaya, farashi ya faɗi warwas. Jeka kasuwar Ngong a lokacin ko kasuwar Pitowa ran Lahadi kaga yadda manyan motoci suke jere, 'yan sari suna zaune a kan benci, manomi yana tsaye riƙe da hularsa yana roƙon a ƙara masa ko ɗari biyar. Hatsin ya shiga sito a birni, wani ya gangara kudu wajen masu kiwon kaji da kamfanoni, wani ya tsallaka iyaka. Sai watan Yuli da Agusta su zagayo, wannan manomin dai da ya noma shi, shine zai zo da 'yar ledarsa yana awon kwano ɗaya ɗaya a kusan ninki biyu na yadda ya sayar. Ni kaina an taɓa yin shekarar da muka sayar da buhu don biyan kuɗin asibitin Goggo, wata 8 bayan haka na sayi irin wannan buhun da kuɗin da ya kusa sayen biyu. Har yau in na tuna raina yana sosuwa.

Ka gane abin da nake nufi? In gwamnati ta sassauta ma Baffa taki ya samu ƙarin buhu 5, amma bashi da lalura suka tilasta masa sayarwa a Nuwamba, toh tallafin nan ba a cikin rumbunsa ya kwana ba, a sito na wanda ya iya jira ya kwana. Ni ɗan kasuwa ne, ban ce saye da ajiyewa haramun bane, kuma in ba 'yan sari ba wa zai kwashi hatsin ranar da manomi yake neman kuɗi ido rufe. Amma mai kuɗi yana da abin da talaka bashi dashi, shine ikon jira, kuma wannan ikon shi ya kamata a tallafa ma manomi dashi.

Ba sabon tunani bane. Bayan farin da akayi a farkon shekarun 1970 aka kafa Ofis Sereyaliye a 1975, nan Garwa, aikinsa kenan, ya sayi hatsi da kaka ya ajiye ya fitar lokacin tsada don farashi ya daidaita. Tunani ne mai kyau ƙwarai, irin na Annabi Yusuf alaihissalam. Sai dai abin da yake iya ajiyewa kaɗan ne in ka dubi yawan jama'ar Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa. Da za'a bashi ƙarfi ya shiga kasuwa da gaske a Nuwamba ya tsaida farashin da ba za'a sauka ƙasa dashi ba, da ko ɗan sari dole ya ƙara. Akwai kuma abin da ake kira warantaj, 'yan uwanmu na Nijar sun daɗe da saninsa, manoma su tara hatsinsu a sito ɗaya, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wajen ƙungiya ɗaya wajen masu bada lamuni, a baka bashi daidai da wani kaso na darajar buhunanka ka kashe lalurarka, in farashi ya tashi a buɗe ka sayar ka biya, ko ka biya ka kwashi abinka ka kai gida. Sito ne kawai da amana da ɗan jari. Na san akwai masu ƙyamar bashin ruwa, nima ina cikinsu, amma malamanmu da masu ilimin kuɗi zasu iya zama su fidda hanyar da ta dace da addini, ba abin da zai gagara bane.

Wani abin da mutane da yawa basu sani ba, buhun nan mai ruɓi uku da ake ajiye wake da masara ba tare da an zuba magani ba, wanda ake ce ma PICS, asalin bincikensa a ƙasarmu akayi shi, a Marwa, tsakanin masu binciken noma na Kamaru da jami'ar Purdue ta Amurka tun ƙarshen shekarun 1980. Leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, ka ɗaure kowanne daban, iska ta ƙare ƙwari su mutu. Yau ana amfani dashi a ƙasashe da yawa na Afirka. Amma a ƙauyenmu har yanzu akwai masu zuba maganin feshin auduga a cikin wake don kar ya huje, yara su ci. Da za'a ce cikin kuɗin tallafi a ware kaɗan a sassauta wannan buhun ya kai kowace kasuwar ƙauye, wallahi da an ceci abinci mai yawa da an ceci lafiya.

Shinkafa kuwa labarinta daban. A Fabrairun 2008 anyi tarzoma a Duwala da Yawunde da wasu garuruwa kan tsadar mai da abinci, aka rasa rayuka, a watan Maris gwamnati ta ɗage kuɗin duwan a kan shinkafa da kifi da alkama don hankali ya kwanta. Na fahimci dalilin, mai jin yunwa a birni ba zai jira damina ba. Amma in ka duba da kyau shima tallafi ne, sai dai manomin da ya amfana yana Tailan da Indiya. Alhali ga SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnati, a Yagwa tun 1971, ga madatsar Maga tun 1979, ga Lagdo a nan kusa damu tun 1982 da ruwa kwance. Shinkafar da ake nomawa a Yagwa da Maga da yawanta tun tana samfarera 'yan kasuwar Najeriya suke saye su tsallaka da ita don can ne injinan casa suke da yawa, ni kuma a shagona buhun da ya keto teku nake sayarwa. Duk sanda na ɗaga buhun nan ina karanta sunan ƙasar da ke jikinsa sai naji wani iri.

Nasan wani zai ce toh a rufe iyaka mana, a hana fitar da hatsi. Ana yin hakan lokaci zuwa lokaci, amma ni ban yarda shine magani ba. Tsakaninmu da Yola da Mubi ba iyaka bace kawai, dangi ne da auratayya da kasuwa tun kafin zuwan Turawa. Najeriya ta rufe nata iyakokin daga Agustan 2019 har Disambar 2020, kaya basu daina wucewa ba sai dai kuɗin hanya da ya ƙaru. Sannan in ka hana manomi sayar ma wanda zai biya shi da kyau kai kuma baka saya ba, shi ka hukunta. Ka riga baƙo zuwa kasuwa da kuɗinka a hannu, hatsin zai zauna a gida da kansa.

Wasu ƙasashen sun gwada hanyoyi. Malawi ta fara raba takardun sassaucin taki a 2005 zamanin Bingu wa Mutharika, masara ta samu sosai a shekarun farko, amma kuɗin ya riƙa cinye mafi yawan kasafin ma'aikatar noma. Najeriya a 2012 lokacin Akinwumi Adesina yana minista ta koma tura ma manomi saƙo a waya yaje wajen dila ya karɓa da kansa don a rage 'yan tsakiya. Kowanne yana da nasa gyaran, amma mu da kusan kowane gida yanzu akwai waya kuma ana tura kuɗi da ita, ban ga abin da zai hana saƙon ya shiga wayar Goggo kai tsaye a watan Afrilu ba.

Ita ƙasar ma ta gaji, wannan Baffa ne yake yawan faɗa. Yace lokacin da suka sari dajin nan ko taki baka sa ba masara sai ta fi ƙarfinka, yanzu ka sa buhu 2 ka samu abin da da buhu 1 yake bayarwa, ga wuta-wuta ta cika gonakin dawa, ga tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta shigo mana wajen 2017 bata tafi ba. Takin zamani a kan ƙasar da ta mutu kamar zuba ruwa ne a kwando. Tana son kashin shanu, tana son karan da ake bari ya ruɓe, tana son a huta mata da wake da gyaɗa. A shekarun 1990 anyi wani shiri a yankin auduga da ake ba manomi ɗan kuɗi kaɗan a kan kowane ƙaramin gawo da ya bari ya girma a gonarsa, kuma itatuwan suna nan har yau a wurare da dama. Gawo kuwa kowa ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye ya bar ma shuka rana, ƙarƙashinsa dawa tafi ko'ina kyau. Kuɗin da aka kashe ba wani mai yawa bane amma amfaninsa ya wuce shekara 20 yana nan tsaye.

In mu a nan muna kuka toh 'yan uwanmu na Arewa Mai Nisa fa. Mayo Sawa da Mayo Canaga mutane sun bar gonakinsu saboda Boko Haram tun wajen 2014, a 2022 da 2024 ruwa ya shafe gonaki a Mayo Danai da Logon da Shari har da gidaje. Cadi ta ayyana dokar ta ɓaci kan abinci a Yunin 2022, tun kafin 'yan gudun hijirar Sudan su fara kwararowa ta Adare a 2023. Duk waɗannan bakunan daga kasuwa ɗaya muke awo dasu, in Kusiri ta ji yunwa Garwa zata ji a farashi. Abin da yake ceton mutanen Marwa sau da yawa shine masakwa, muskuwari da Fillanci, dawar da ake dasawa a karal, wato ƙasar laka mai riƙe ruwa, bayan ruwa ya ɗauke a girbe wajen Fabrairu ba tare da ban ruwa ba. Talakawa ne suka riƙe ta da hannunsu kaka da kakanni, kuma da wuya kaji an ambace ta in ana jawabin tallafi.

Satin da ya wuce na koma ƙauye. Mun girbe, an samu abin da aka samu, Alhamdulillahi, bai kai na bara ba. Buhunan nan 2 suna zaure, Baffa ya ɗora su a kan katako ya lulluɓe da leda don kar sanyin ƙasa ya sa su dunƙule, yace in Allah ya kaimu baɗi su zamu fara sawa. Wani maƙwabcinmu ya zo yana so ya saya ya kai gonar albasa ta rani, ya ma sa kuɗi mai kyau, Baffa yace a'a. Da muka zauna cin tuwo da daddare nace "Baffa bana dan Allah kar ku kai ko buhu ɗaya kasuwa kafin azumi, kuɗin lakwal ɗin yara da abin da ake binku ni zan san yadda zanyi daga shago." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan yace "Allah yayi maka albarka ɗana, amma gidan Malam na bayanmu fa, su wa zai riƙe musu?" Gidan mutum 11 ne, kuma tun Satumba suka karɓi bada kaka a kan buhu 6.